Kujerar Bayan Direba

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na buɗe littafin Yaya. Tun abin nan ban taɓa foldar ba. In na kunna kwamfuta sai in kau da ido in wuce wurin makin ɗalibai. Yau dai ban san abin da ya shiga kaina ba, na dawo daga makaranta ko takalmi ban cire ba na zauna na buɗe babi na uku.

Yarinyar ba ta ciki.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya daina juyawa. Shekara da shekaru Yaya yana rubuta littafin nan, labarin wani direban bas da 'yarsa da ke zama a kujerar bayansa ran Asabar tana damunsa da tambaya. Da asuba yake rubutu kafin ya tafi aiki, ya ajiye a wata folda da muka haɗa a ma'ajiyar intanet, ni kuma in buɗe daga gidana in bi shi da jan rubutu. Shi ya sa yake kirana Jan Biro. Duk wanda ya san gidan Yaya ya san daga bakin 'yarsa tambayoyin nan suka fito. Ba ƙirƙira yake yi ba, da zafinsu yake kwashewa ya zuba a littafi, har matarsa, Anti, takan ce in an buga a sa sunan mutum biyu a bango.

To yau direba yana nan, bas tana nan, fasinjoji suna nan. Kujerar bayansa jarkar ruwa ce a kai. Na koma babi na ɗaya, haka. Na biyu, haka. Wani wurin ma an cire tambayar an manta da amsar, sai ka ga mutum yana tuƙi ya ce, "A'a, ba ciwo suke ji ba," alhali ba wanda ya tambaye shi komai.

Na duba gefen da ke nuna ranar da aka taɓa kowane fayil. Duk cikin makonnin nan ne, ɗaya bayan ɗaya, kullum da asuba. Babi biyu na ƙarshe kaɗai bai kai gare su ba.

Na ce ai ni ban goge komai ba, dole tsohon yana wani lungu a kwamfutata. Gobe in nema.

Talata, da yamma

Na nema, ban samu ba. Saura babi ɗaya.

Laraba, lokacin tara

A ɗakin malamai na tare malamin kimiyya, wanda muke kira Sarkin Waya don ba abu mai igiya a makarantar nan da bai taɓa kwancewa ba. Ban gaya masa komai ba, na ce dai wani aiki ne na yayana yake canzawa a kwamfutata ba da sanina ba. Ya ajiye kofin shayinsa a kan takardun jarrabawar wani, ya karɓi wayata.

"Malama, wannan abin ba akwati ba ne, madubi ne. Abin da aka yi a can shi za ki gani a nan."

Na ce, "Wuri uku fa littafin yake. Kwamfutarsa, tawa, da intanet."

"Ke ce malamar lissafi. Mutum ya tsaya gaban madubi biyu, mutum nawa ne a ɗakin?"

Na so in ce masa ya riƙe wayonsa, amma gaskiya ya faɗa. Shekara nawa ni da Yaya muna taƙama da wurare ukun nan. In an ba mu labarin wanda kwamfutarsa ta mutu da aikinsa, sai mu kalli juna mu ce Allah sarki.

Ya ce akwai kwandon shara inda abin da aka goge yake zama na ɗan lokaci, akwai kuma wurin da ake ganin tsohon rubutu. Muka duba. Kwandon tas. Ashe Yaya ba gyara tsofaffin fayilolin yake yi ba, sababbi yake buɗewa ya ba su sunan na da, ya goge tsofaffin, ya bi ya share kwandon. Sarkin Waya ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Yayan naki ya san abin da yake yi."

Ya sani mana. Tun muna yara in aka ba shi shara har ƙarƙashin gado yake shiga.

Ya ce in akwai abin da ya rage in kwashe shi yanzu-yanzu in sa a filash, wurin da ba ya haɗe da kowa. Muka buɗe babi na ƙarshe a wayar. Ya riga mu, yau da asuba.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na shiga aji na koyar da abin da ban san me na ce ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Yaya. Masu zuwa gaisuwar rasuwa sun ɗauke ƙafa, an mayar da kujerun robar da aka aro, falon ya koma girmansa na da, har ya fi. An sauke hotunan bango, sai ƙusoshi. Ƙaramin keken da ke jingine a ƙarƙashin matakala ba ya nan, ban kuma tambaya ba. Anti tana kicin tana wanke kofunan da na tabbata wankakku ne.

Shi kuwa ya yi aski, ya sa riga mai guga, yana zaune a teburinsa na gefen taga. Da a birkice na same shi da hankalina ya fi kwanciya.

"Jan Biro. Ke ce da ranar nan?"

"Na buɗe littafin, Yaya."

"Ina gyara ne."

"Wannan ba gyara ba ne."

"To mene ne?"

Kalmar da ta zo bakina ba ta faɗuwa a gidan nan.

Ya ce, "Littafina ne. Ni na sa, ni na cire."

Na ce ni ma ai ba kallo na zo yi ba, shekara nawa ina bin littafin nan layi-layi. Ya juyo da kujerarsa a hankali ya ce, "Kin gyara waƙafi. Na gode."

Allah ya sani, da a da ne da sai maƙwabta sun ji mu. Ni ce na sa shi ya jefar da babi guda ya sake, ni ce na ce direban nan ya cika wa'azi ya rage. Amma na kalli wuyan rigarsa yadda ya yi masa yawa, na haɗiye.

Da na tashi tafiya ya tambaya ba tare da ya ɗago ba, "Kina da wani kwafi?"

"Ba ni da shi."

"Madalla."

Anti ta rako ni bakin ƙofa, hannunta duk kumfa. Ta ce, "Yana cin abinci, yana zuwa aiki. Kowa cewa yake ya yi ƙoƙari." Ta tsaya kamar akwai saura, sai ta ce in gaida gida.

Lahadi, da safe

Waƙafi. Wai waƙafi.

Talata, bayan an tashi daga makaranta

Ina neman babban kamfas na allo a kabad ɗina na ɗakin malamai, sai hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi a ƙarƙashin tsofaffin takardun gwaji. Tsohuwar kwamfutata ce, baƙar nan mai tsagaggen gefe. Cajarta ta ƙone tun farkon zango, na cusa ta can na ce sai na samu lokaci. Tun kafin abin nan. Wato tun ranar ba ta ga intanet ba, kuma foldar tana cikinta.

Na zauna a ƙasa a gaban kabad ɗin, ban damu da wa zai shigo ba.

Sarkin Waya ne ya shigo. Da ya ji bayani sai ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin kamar zan buɗe da ƙarfi, alhali ko wuta babu a cikinta.

"Ta san intanet ɗin makaranta?"

"Ta sani."

"Na gida fa?"

"Har na wayata."

"To da zarar ta farka ta ji ƙamshinsa, za ta gyara kanta ta koma daidai da ta yayanki, kina kallo. Ki cire na gidan daga wuta kafin ki kunna. Tana tashi ki kashe nata na ciki. Ki kwashe a filash. Sai bayan nan ki yi duk abin da za ki yi."

Na ce na ji. Ya ce in maimaita masa. Na ce shi ɗalibarsa ya mayar da ni? Amma na maimaita.

Na rungumo ta a ƙirji har gida, na ɗora ta a saman wadrob.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Layin masu gyaran waya da kwamfuta, shago bayan shago, kowa ya juya ta ya dubi ramin cajar ya yi dariya. Wani ya ce, "Hajiya, wannan ai ta isa fansho." Wani ya ce in bar ta ya gwada mini, akwai intanet a shagon ma in ina son a sabunta ta. Na fizge ta daga hannunsa har ya tsorata. A can ƙarshen layi, kusa da mai walda, wata mata ta zazzage kwali guda na igiyoyi a ƙasa muka tsuguna tare muka tono wadda ta shiga.

Caja tana jakata. Ban kunna ba.

Juma'a, da hantsi

Ba ni da darasi sai anjima, ina zaune a aji babu kowa. Har yau ban kunna ba, kuma ba tsoron intanet ne kaɗai ba.

Jiya na gaya wa Maigida komai. Ya ce me nake jira, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Na ce matsalar ke nan, ba kayana ba ne. Yaya ya tambaye ni baki da baki, na ce ba ni da shi, ya ce madalla. Mutum ya tashi kullum da asuba, ya zauna ya bi layi-layi yana cire abin da ya fi so a duniya, ba wanda ya sa shi. Ni ban san zafin da ke sa a yi haka ba, kuma ina roƙon Allah kada in sani. Wace ce ni da zan bi bayansa ina tsince abin da ya zubar?

Maigida ya ce, "To ki bar ta a saman wadrob ɗin. Ba ki kwashe ba, ba ki zubar ba." Shi kullum haka yake, a wurinsa kowace rigima tana da kujerar tsakiya. Amma kwamfutar nan ta tsufa, ko yanzu ban san za ta tashi ba. Barinta a can ma zaɓi ne, sai dai a hankali.

Wani abin da ke cina kuma, ban san don wa nake son in cece shi ba. Don Yaya? Don littafin? Ko don ni ce nake son in sake jin muryar nan? In na ce don shi ne kaɗai na yi ƙarya.

Juma'a, da yamma

Anti ta kira. Ba ta saba kirana ba, ni nake kiranta. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi Maigida, sannan ta ce, "Wai me ta ce a kan bishiyoyi? Ranar da muke mota. Ya sa a littafin."

Na ce ta ce bishiyoyi suna gudu.

"Na san suna gudu. Yadda ta faɗa nake so. Akwai wani abu a ƙarshe, shi ya ba mu dariya. Tun safe nake juya shi, ya ƙi zuwa."

Na buɗe baki na ji ni ma babu. Na karanta layin nan ya fi sau goma, har na taɓa ja masa layi na rubuta a gefe kada a taɓa. Na san a babi na uku yake, na san a saman shafi yake, amma kalmomin sun ƙi.

Ta ce, "Ba zan iya tambayarsa ba." Ta ce ba komai, in yi haƙuri ta dame ni.

Ashe ba shi kaɗai ke da kaya a littafin nan ba. Gobe zan kunna.

Asabar, da la'asar

Rubutun ma da ƙyar.

Da safe Maigida ya fita wankin mota. Na zare na'urar intanet daga bango, na ga fitilunta sun mutu, na kashe na wayata. Na kawo tsohuwar kwamfutar kan teburin cin abinci, na sa caja. Ta yi ta gurnani, fankarta tana kuka, na ce shi ke nan ta tafi, sai allon ya kawo. Foldar tana nan. Na buɗe babi na ɗaya don kawai in tabbatar.

Tana ciki. Tana zaune a bayansa, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana raɗa wa fasinjoji suna.

An ce mini in kashe intanet ɗin cikin kwamfutar. An ce in kwashe tukuna. Har maimaitawa na yi. Filash ɗin yana gabana a kan tebur, sabo, ko ledarsa ban yage ba. Na ce ai na'urar a zare take, bari in karanta shafi ɗaya. Na karanta babin duka. Na shiga na biyu, ina kuka ina dariya, ban ji an buɗe ƙofa ba.

Sai muryar Maigida daga falo, cike da jin daɗin kansa, "Ashe zarewa ta yi, shi ya sa babu sabis. Na mayar miki."

Na kalli ƙasan allon. Ƙaramar alamar nan mai kibiya biyu tana juyawa. Ban san tun yaushe ba, wai sai da ya sha ruwa ya canza riga kafin ya yi magana. Na danne maɓallin kashewa da yatsa biyu har allon ya yi baƙi, na fizge caja, na juya ta na ɓalle batirin.

Abin da na gaya wa bawan Allahn nan ba zan rubuta ba. Na ce garin gyaran gira ya tsone mini ido, wannan shi ne mai sauƙin ciki. Ya tsaya da tawul a wuya yana kallona, sai ya ce a hankali, "Ba ki gaya mini yau ne ba."

Ban gaya masa ba. Ko takarda ban liƙa a jikin soket ɗin ba.

Ban san me ya rage a ciki ba. Ba zan iya kunnawa yau ba.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na fito daga ɗaki na tarar Maigida ya zare na'urar, ya naɗe igiyarta, ya sa a leda. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata. Ya haɗa da tasa, ya ce zai kai su but ɗin mota ya tafi da motar can bakin filin ƙwallo, ba zai dawo ba sai na fito baranda na ɗaga masa hannu. Na ce filin ai ba a hango shi daga baranda. Ya ce to zai riƙa zagayowa. Na yi dariya ban shirya ba, na ce ya yafe mini jiya. Ya ce wace jiya.

Wannan karon tana tashi na kashe intanet ɗinta. Ban buɗe komai ba. Na sa filash, na ja foldar gaba ɗaya, na zauna na harɗe hannuwa ina kallon koren layin yana rarrafe har ya kai ƙarshe. Na cire, na sa wani filash na biyu. Sai bayan nan na duba.

Babi uku sun tafi, sun koma irin na Yaya. Na bakwai, na goma sha biyu, da na uku.

Sauran duk tana ciki.

Na daɗe a zaune. Motarmu ta wuce ta ƙasan baranda sau ban san adadi ba kafin na tuna na fita.

Talata, da yamma

Filash ɗaya yana kabad ɗina na makaranta, ɗaya Maigida ya kai ofis ya kulle a durowa. Na kuma buga duka a takarda a shagon da ke gaban makaranta, na tsaya a kan mai bugawa har ya goge daga injinsa.

Anti ta zo. Na gaya mata gaskiya, na bishiyoyin ya tafi, kuma a hannuna ya tafi. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na ajiye mata takardun a kan kujera na shiga kicin na ƙirƙiri aiki. Can na jiyo dariya, 'yar gajeruwa, irin wadda take kuɓuce wa mutum. Rabon da in ji ta tun kafin abin nan. Bayanta kuma abin da na jiyo ya sa na buɗe famfo.

Da za ta tafi na ce ta ɗauka. Ta ce a'a, ba za ta shiga da shi gidan ba, za ta riƙa zuwa. Ta ce kuma ba za ta ɓoye masa ba, ba ta taɓa ɓoye masa komai ba. Na ce ta yi abin da ta ga ya dace.

Laraba, da rana

Shiru. Sau biyu wayata ta yi ƙara a aji, duk ba shi ba ne.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi

Na fito daga makaranta na ga Yaya a tsallaken titi, jingine da motarsa, cikin hayaniyar masu ɗaukar yara. Wurin da bai kamata ya tsaya ba ke nan a wannan lokacin, ƙananan nan suna ta gudu da jakunkuna suna ratsa shi. Na tsallaka da sauri na ce mu shiga mota.

Bai tada motar ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Kin ce ba ki da shi."

"Ranar ba ni da shi."

"Na ce miki littafina ne."

"Naka ne, Yaya. Amma ba kai kaɗai ka haife ta ba."

Yau na faɗa. Ban san daga ina ta fito ba, kuma da ta fito na so in kamo ta in mayar. Ya rufe ido. Na jira ya ce in fita masa daga mota.

Ya ce, "Duka?"

"Ban da babi uku."

"Ni na tafi da su."

"Har da ni."

Na buɗe jaka na ciro filash ɗin makaranta, wanda na ɗauko tun safe don na san ranar nan tana zuwa. Na ajiye a gaban gilashi. Na ce ga shi, ba zan yi masa ƙarya ba akwai wasu, amma in ya ce in kawo su duka zan kawo, ya yi yadda ya ga dama. Da gaske nake, ko da yake ban san yadda zan kalli Anti ba.

Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan. Ya ce, "Kin san yadda nake yi? In na farka, ba na iya komawa, ba na iya zama. In na cire shafi guda sai in samu in yi wanka in fita. Yanzu na gama, ba abin cirewa, kuma ina farkawa."

 

Ya ɗauki filash ɗin, na ɗauka aljihu zai sa, sai ya kamo hannuna ya danƙa mini ya naɗe yatsuna a kai.

"Kada ki sa shi a foldar nan. Kada ki gaya mini inda kika ajiye. In na ce ki kawo, kada ki kawo."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ke za ki gane."

"In ka yi fushi fa?"

"Zan yi. Ki bar ni in yi."

Ya kai ni har ƙofar gida.

Litinin, da safe, kafin in fita

Yaya ya kira gari bai gama wayewa ba. Ba gaisuwa. Ya ce in kawo masa yau, duka, har da na takarda. Ya ce maganar mota ya janye, ba ya cikin hankalinsa ranar. Ya ce shi ne babba. Ya ce in ina ƙaunarsa. Muryar da ya yi maganar da ita ban taɓa jinta a bakinsa ba, kuma duk tsawon rayuwata ban taɓa ce wa Yaya a'a a kan abin da yake nasa ba.

Na ce, "A'a, Yaya."

Ina jin numfashinsa. Na riƙe wayar da hannu biyu ina jira ya kashe.

Ya ce, "To. Na gode, Auta."